Audugar Rimi a Bayan Katako

Alhaji Maharazu yana kan tsani da ƙusa uku a bakinsa lokacin da Baturen council, mai duba gine-gine na hukumar unguwa, ya turo ƙofar lambu. Ya tofa ƙusoshin a tafin hannu, ya sauko da sauri har tsanin ya yi rawa, ya gyara zaman hularsa. Tun da ya idar da sallar asuba yake jiran mutumin nan. Jirgin mahaifiyarsa zai sauka da rana, matarsa Jamilatu ta riga ta tafi filin jirgin Heathrow tarbo ta. Abin da ya rage kawai shi ne Baturen ya sa hannu a takarda cewa ɗan gidan da ya gina wa tsohuwar a ƙarshen lambunsa na unguwar Tottenham a Landan ya isa mutum ya kwana a ciki.

Sunan Baturen Mista Hobday, amma a bayan idonsa Alhaji ba ya kiransa komai sai duba-gari. Dogo ne siriri mai jar fuska, kullum da lofe a baki ko da babu taba a ciki. Bazarar 1976 ce, an yi makonni ba ɗigon ruwan sama, ciyawar Landan duk ta ƙone, Turawa suna yawo a titi ba riga kamar masu dambe. Shi kuwa Hobday da kwat ɗinsa da laƙataye ya zo, yana zufa yana sharewa.

Yadda aka yi Alhaji ya zama magini a ƙasar Turawa abu ne mai ɗan tsawo. Mahaifinsa, marigayi Malam Uwaisu, magini ne a cikin birnin Kano, irin wanda idan ya ɗaga bango ake zuwa daga wata unguwa a tsaya a kalla. 'Ya'yansa maza huɗu duk sun gaji sana'ar, ban da Maharazu, wanda aka kai boko. Da kuɗin mai ya buɗe, kowa a gida ya tashi gini, sai ga Maharazu a Landan yana sayen siminti yana loda wa jiragen ruwa zuwa Legas. Simintin da ya bi ta hannunsa ya isa a gina gari guda, amma bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Asama'u, wadda kowa ke kira Inna, idan ana lissafa 'ya'yanta magina sai ta ce, “Sai kuma Maharazu, shi hannun biro gare shi.” Ba da zafi take faɗa ba. Shi dai da zafi yake ji.

Da yanar ido ta rufe wa Inna gani, likita ya ce a kai ta Landan a yi mata aiki, sai ta kafa sharaɗi biyu: ba za ta hau bene ba, kuma ba za ta kwana a ƙasa ƙafafun mutane suna yawo a kanta ba. Alhaji ya ɗauki biron nan nasa ya rubuta mata cewa shi da hannunsa zai gina mata ɗaki. Ya nemi izini, aka ba shi, ya sayi bulo da cokalin gini, ya yi wata bakwai yana fama.

Bangon ya tsaya, wannan kam babu mai musu. Hobday da kansa ya zo a lokacin, ya auna, ya ce ba zai faɗi ba. Amma ya karkace. A gabas ya yi ciki kamar mai jin yunwa, kusa da taga ya turo tumbi, layin bulon kuwa yana hawa yana sauka kamar hanyar ƙauye. Ta cikin ɗaki an lulluɓe shi da allon sili, ya ɓoyu. Ta waje ne Alhaji in ya tsaya ya duba sai ya ji gabansa ya faɗi, domin matar da ta yi shekara arba'in tana auren Malam Uwaisu ita ce za a buɗe wa ido a gaban wannan bango.

Katung ne ya fitar da shi. Katung kafinta ne daga wajen Kafanchan, dattijo mai furfura, yana aiki a wata masana'antar kujeru a nan Tottenham, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Ya ce a sa wa ginin riga. Ya kafa sanduna a jikin bangon, ya daidaita su da igiya, suka jera fallayen katako a kai, aka shafa fenti ruwan ƙasa. Gida ya miƙe sambal. Sai dai tsakanin katakon da bulon an bar kogo, wani wurin yatsa biyu, wani wurin kuwa kaza za ta iya shiga ta yi ƙwai.

Wannan kogon ne ya hana Alhaji sukuni, saboda ya san Inna da sanyi ba sa ga maciji. Sai ya tuna abin da kowane Bahaushe ya sani, cewa babu abin da ya kai audugar rimi riƙe ɗumi. Ya aika Kano, aka ɗuro masa buhu goma sha huɗu. Da ita ya cika kogon nan tun daga ƙasa har rufi, yana dannawa da sanda, kamar mai cika katifa.

Hobday ya shiga ɗakin, ya buɗe famfo ya rufe, ya ƙwanƙwasa sili, ya leƙa bayi, yana ta ɗan rubutu a littafinsa. Alhaji yana biye da shi, Katung yana biye da Alhaji. Da suka fito waje Baturen ya ja da baya ya dubi katakon, ya gyaɗa kai.

“Aiki ya yi kyau,” ya ce da Turanci. “Saura abu ɗaya. A takardar da na aiko maka na ce kogon da ke bayan katakon nan a yi masa shamaki. A kewaye taga da ƙofa, a toshe saman bango, a raba shi gida-gida, don kada wuta ta samu hanya. An yi?”

Katung ya soma kallon takalminsa. Tun ranar da takardar ta zo ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya ce ya bar masa wannan.

“Mista Hobday,” in ji Alhaji, yana murmushi, “abin da na yi ya fi abin da ka rubuta. Kai ka ce a toshe nan da can. Ni ko'ina na toshe.”

Da ya tsaya a nan, watakila da maganar ta ɗan ja. Amma Alhaji ya yi wata uku yana jiran wanda zai nuna wa dabararsa, kuma mutum ba ya yin abin kirki irin wannan ya bar shi a ɓoye. Ya ɗauko ƙarfen cire ƙusa, ya ɓamɓare falle ɗaya a ƙarƙashin taga da hannunsa. Audugar ta bulbulo waje, fara sol, tana sheƙi a rana.

Hobday ya cire lofen daga bakinsa. Wannan ne karo na farko da Alhaji ya ga bakin mutumin babu komai a ciki.

“Mene ne wannan?”

“Rimi. Daga Kano. Itace ne babba, ku ba ku da shi. Taɓa ka ji laushi. A kan irinta aka haife ni, a kan irinta na girma. Ko ƙanƙara ta sauko, mahaifiyata ba za ta san an yi ba.”

Baturen ya ɗebi cikin hannu ɗaya, ya murza, ya shinshina. Ya ɗauki shebur da ke jingine, ya tafi can tsakiyar lambu nesa da ginin, ya zuba audugar a kai, ya zaro ashana daga aljihu. Alhaji ya bi shi ya sunkuya, don ya kare mutuncin kayansa daga kusa. Kan ashanar bai ma gama taɓa ta ba, sai fuu. Harshen wuta ya tashi ya wuce, aka bar ɗan baƙin toka a kan shebur da ƙaurin gashi a iska. Alhaji ya shafa girarsa ta dama ya ji ta yi gajarta.

Ba wai bai san rimi da wuta ba. Tun yana yaro ya sani, an sha dukansu a kan wasa da ita kusa da murhu. Amma a lissafinsa rimin yana cikin bango, wuta tana waje, babu inda za su gamu. Haka ya faɗa wa Hobday.

Hobday ya koma jikin ginin, ya nuna masa da bakin lofe. Ga wayar lantarki ta fitilar waje, ta cikin kogon ta bi. Ga taga: idan labule ya kama a ciki, ta nan harshen wutar zai fito ya lasa gefen katako. Ya ce kogo irin wannan ko babu komai a cikinsa bututun hayaƙi ne, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama, wuta kuwa in ta samu haka gudu take yi a ɓoye, mai ɗaki yana zaune bai sani ba sai ta fito ta rufi. Shi ya sa doka ta ce a bar kogon fayau don katako ya sha iska kada ya ruɓe, amma a datse shi da katako mai kauri ko wani ulu da ake yi da dutse wanda ba ya cin wuta.

“Kai kuma,” ya ce, “ka gina bututun, sannan ka cika shi da abin hura wuta. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Na ga jarida a bango, na ga tsumma, na taɓa ganin tsohuwar katifa. Ban taɓa ganin wanda ya yi odar abin daga wata ƙasa ba.”

Katung ya yi tari ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi.

Hukuncin bai da tsawo. A cire katakon duka, a kwashe audugar har ƙwaya ɗaya. In an yi haka, bangon bulo ne zalla, tsohuwa tana iya kwana a ciki yau ɗin nan, ba ruwansa. Amma kada a mayar da falle ko ɗaya sai an sa shamakin, ya dawo ranar Litinin ya gani da idonsa. In kuwa aka bar shi yadda yake, ba zai sa hannu ba, kuma ko karensa ba zai bari ya kwana a ciki ba.

Alhaji ya bi shi har ƙofar lambu. Ya yi masa bayanin jirgi, ya yi masa bayanin Inna, ya ce mako biyu kawai, a bari a yi mata aikin ido ta ga gidan da rigarsa, daga nan ko rushewa aka ce ya yi zai yi. Ya ruga cikin gida ya fito da ƙunshin kilishi, ya ce ba don komai ba, gaisuwa ce, haka ake yi a wurinsu idan babba ya tako gidan mutum. Hobday ya dubi kilishin, ya ce ya gode, amma aikinsa bai yarda ba, ga shi kuma haƙoransa na roba ne. Ya mayar da lofensa baki ya tafi.

Alhaji ya dawo ya tsaya gaban ramin da ya buɗe da kansa. Ya sunkuya, ya tura audugar ciki, ya mayar da fallen, ya ɗauki guduma.

“Alhaji, me kake yi?” in ji Katung.

“Abin da ka gani.”

“Mutumin nan ya ce Monday zai dawo.”

“Ya dawo mana. Daga nan zuwa Monday kwana nawa ne? In ya zo in ce masa ban samu lokaci ba. Wa zai hura wuta a wannan zafin? Ko shayi ba a ɗakin za a dafa ba.”

“Ni dai na faɗa maka tun farko a sa barrier ɗin nan, shamakin da ya rubuta.”

“Ka faɗa. An ji. A rubuta a kai Kafanchan.”

Katung ya zauna a kan buhun yashi, ya ciro goro ya ɓare. “Wai bangon nan ne kake jin kunyarsa? Ai ba mutum ya kashe ba. Karkacewa kawai ya yi.”

“Ba ka san ko wace ce Inna ba. Yayana Lawal ya taɓa gina katangar makwabcinmu, ta ɗan kauce da kamar faɗin yatsa. Ta sa shi ya rushe ta, yana da mata da 'ya'ya uku a lokacin. Ta ce ba za a ce daga gidan Malam aka fito aka yi wannan ba.”

“To kai naka ai sai ta sa a kira soja.”

Alhaji bai yi dariya ba. Ya buga ƙusa ta farko, ya buga ta biyu. Yana ɗaga guduma a kan ta uku sai wayar tarho ta soma ƙara a cikin gida.

Jamilatu ce daga Heathrow, ana jin hayaniya a bayanta da ƙarar tsabar kuɗin da take zurawa a wayar.

“Alhaji, mun gamu, lafiya lau ta sauka. Amma za mu yi delay. Customs sun riƙe mu kusan awa guda.”

“A kan me?”

“Kayan Inna. Sun buɗe akwati sun ga kasko.”

“Wane kasko?”

“Kaskon wutarta mana, na ƙasa, wanda take kwana da shi. Ta naɗe shi da zane uku. Ga kuma gawayi rabin buhu, da turaren wuta kwalba biyar. Baturen ya ce me za ta yi da gawayi, ta ce in tambaye shi shi da me uwarsa take jin ɗumi.”

“Kin faɗa mata akwai heater a ɗakin?”

“Na faɗa. Ta ce wutar da ba ta da garwashi ba ta san ta ba. Ta ce tun da Malam ya rasu ba ta taɓa kwana ba kasko a gefen gadonta ba, ba kuma a garin Turawa za ta fara ba. Alhaji, rigar sanyi biyu ce a jikinta yanzu haka, da bargo. Na ce zafi ake yi, ta ce yaudara ce.”

“Sun ƙwace gawayin?”

“Sun bar mata. Ina jin gajiya suka yi. Duba-gari ya sa hannu?”

Wayar ta soma kukan neman kuɗi a kunnen Alhaji. Ya ce su taho a hankali, ya ajiye.

Bai koma wurin Katung ba, ɗakin Inna ya shiga. Ga gadon da ya saya mata, ya matsa shi jikin taga don ta riƙa jin rana. Ga labule mai furanni da Jamilatu ta ɗinka, ya sauko har ƙasa. Ya san daidai inda za a ajiye kaskon, domin ya san inda yake zama a ɗakinta na Kano: gefen gado, inda hannunta zai kai. Ya tuna yadda take tona garwashi da tsinke tana gyangyaɗi. A da tana gani. Yanzu ko fuskar mutum ba ta rabewa. Ya ɗora tafinsa a bango, ya san cewa bayan wannan bulon, ta kowace kusurwa, buhu goma sha huɗu ne ya kewaye gadon uwarsa da su, da hannunsa, yana murna. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya fito. Katung yana nan yana taunar goro.

“Tashi,” in ji Alhaji. “Kai ka kama ta gabas.”

Abin da suka yi wata guda suna jerawa, cikin awa uku suka sauke shi. Katakon bai ba su wahala ba, audugar ce ta nuna musu hali. Rimi ba ya zama inda aka ajiye shi. Suna turawa a buhu yana fita ta baki, ɗan iskan da bai isa ya kaɗa ganye ba sai ya ɗauke shi ya haye katanga. Kafin la'asar lambun ya yi fari, layin ya yi fari. Tsohuwar Baturiyar da ke makwabtaka da su ta fito kwashe shanya ta tarar da baƙar kyanwarta ta zama fara, ta tsaya tana duban sama. Wani mai wucewa a keke ya tsaya ya tambaya ko kaji ake figewa. Katung ya jawo tiyo yana fesa ruwa don abin ya kwanta, ya ce in 'yan sanda suka kama shi da ɓarnar ruwa a wannan farin, sunan Alhaji zai bayar.

Alhaji ya ci gaba da ɓamɓare katako. Kowane falle ya cire, wani sashe na aikinsa ne yake fitowa fili, kuma ya fi yadda yake tunawa muni. Ya manta da wurin da bulo ya ƙare masa ya cike da rabi-rabi. Ya manta da inda siminti ya zubo ya daskare kamar kunu. Da falle na ƙarshe ya sauka, ya ja da baya ya duba, ya ji kamar shi aka tuɓe a tsakiyar kasuwa. Abu ɗaya ya riƙe a ransa: Inna ba ta gani. Aikin idon sai ranar Laraba, duba-gari zai zo Litinin, in suka dage shi da Katung, kafin a cire mata bandeji gida ya mayar da rigarsa.

Baƙar tasi ta tsaya a ƙofar gida wajen ƙarfe biyar. Jamilatu ta shigo ta lungun gefe riƙe da hannun Inna, ta ɗaga kai ta ga ginin, ta buɗe baki, ta dubi mijinta da audugar da ke gemunsa da girarsa guda da rabi, ta rufe bakin. Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin rigunan sanyi da bargo. Wani ɗan farin abu ya sauka a kumatunta. Ta kama shi, ta murza a yatsa.

“Ikon Allah,” ta ce. “Su ma suna da rimi a nan?”

Alhaji ya durƙusa a gabanta.

“Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya?”

“Lafiya lau, Maharazu. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya ƙalau. Ya mutanen gida, ya su Yaya Lawal?”

“Duk suna gaishe ka. Muryarka ta yi wani iri. Mura kake yi?”

“Ƙura ce, Inna.”

Katung ya matso ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi garinsu, ta sa masa albarka. Sannan ta ce, “To ina ɗakin?”

Alhaji ya karɓi hannunta daga Jamilatu, ya nufi ƙofa da ita kai tsaye, yana ɗan sauri. Saura taku biyu su shiga ta tsaya. Ta zare hannunta daga nasa, ta miƙa shi gaba, tana lalube har tafinta ya sauka a kan bulo. A duk lissafin da ya yi na Litinin da Laraba, bai sa hannun Inna a ciki ba.

Ta soma tafiya a jikin bangon a hankali, bargo yana jan ƙasa, tafinta yana bin layin siminti.

“Nan ya yi ciki,” ta ce.

“E, Inna.”

Ta ƙara taku uku. “Nan kuma ya turo.”

“E, Inna.”

“Wannan rabin bulo ne?”

“Rabi ne.”

“Wa ya riƙe maka igiya?”

“Ban sa igiya ba. Da ido na yi.”

“Na ji alama.”

Haka ta zagaye ginin kusurwa huɗu, ba ta tsallake ko tumbi ɗaya ba, shi yana biye da ita yana amsa laifinsa ɗaya bayan ɗaya, zufa tana bin bayansa. Da suka dawo bakin ƙofa ta tsaya, hannunta yana kan bangon har yanzu.

“Kai kaɗai ka ɗaga shi?”

“Ni kaɗai.”

“Mama, ni shaida ne,” in ji Katung. “Ni katako ne nawa. Bulo kam ko ɗaya babu hannuna, ina so a san wannan. Amma kada ki damu. Akwai rigar katako da muka yi masa, yau muka cire don a gyara bayanta saboda wuta. Monday za mu mayar, ya miƙe sambal, ba mai sanin abin da ke ciki.”

Inna ba ta juya wajensa ba. Ta daɗe tana shafa wani wuri kusa da ƙofa, inda simintin ya daskare da sawun yatsu a jikinsa. Ta sa nata yatsun a cikin sawun, ta bar su a nan.

“Jamilatu,” ta ce, “a shigar mini da kayana.”

“To, Inna.”

“Kai kuma Maharazu, gyaran wuta ku yi abinku. Amma katakon nan kada a mayar sai an buɗe mini ido. Ina so in ga bangon.”

Alhaji ya goge fuska da hannun riga, audugar ta ƙara mannewa.

“To, Inna,” ya ce, ya sunkuya ya ɗauki akwatin.